Azumin da Afolo Ya Ɗora Ni Kan Keken Ɗinki

Damina ta zauna a Gure bana. Gero ya kai gwiwa, tudun rairayin bayan gari ya yi kore shar, ƙudaje kuma sun dawo kamar yadda suke yi duk lokacin da ɗanyen dabino ya fara shigowa kasuwa daga kwari. Shekaranjiya jikata Fanna ta tashi da safe ido a liƙe, tana laluben bango tana kiran uwarta. Na ɗumama ruwa na jefa ɗan gishiri, na yi ta goge mata da tsumma mai tsabta har ta buɗe, sai ga ido ja wur. Uwar ta ɗauke ta suka hau kabu-kabu zuwa likita, kafin rana ta yi zafi sun dawo da 'yar kwalbar maganin ɗigawa, yarinyar har da biskit a hannu. Ni kuwa ina zaune da kwanon ruwan gishirin a gabana, ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi na shigowa ta ƙofa, sai na ji ina dariya ni kaɗai. Matar ɗana ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata wata damina na tuna, wadda azumi da noma da ciwon ido suka haɗu mana cikin wata guda.

Ni 'yar Damagaram ce. Mahaifina yadi yake sayarwa, yana da rumfa a kasuwar Gure, kuma a wannan rumfa maigidana ya fara ganina, domin shi tela ne, a wurinmu yake sayen zare da alli. Gari na kiransa Ari Tela, ni Malam nake ce masa har ya bar duniya. A shekarar da nake ba da labari aurenmu bai daɗe ba, ban ko haihu ba. Mu uku ne a gidan, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Mutuniyar Kelle ce, Hausarta ta cin kasuwa ce kawai, ni kuma Barbarcina bai wuce gaisuwa ba. Malam mutum ne marar yawan magana. Ina jin nauyinsa, yana jin nawa, sai mu wuni maganarmu ba ta wuce ga ruwa, ga abinci, sai na dawo ba.

Inna tana da amosanin ido tun tana yarinya. Ciwon ya yi ta zuwa yana tafiya har fatar idon ta tattare daga ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar. Haske take gani da inuwar mutum, shi ke nan. Kowace safiya sai ta zauna a bakin ɗakinta ta ɗaga fuska, ni kuma in durƙusa da hantsaki ina cire mata gashin da ya tsiro yana sukarta. Ba ta taɓa cewa wayyo ba. In na gama sai ta shafa kaina ta faɗi wata magana da Barbarci wadda ban gane ba a lokacin.

Shekarar da ta gabata gero bai yi ba. Tun kafin ruwa ya sauka in na leƙa rumbu ƙasansa nake gani. Azumi kuma ya kama daidai da noman farko. Fura muke damawa da ruwa mai yawa mu yi sahur, Malam ya saɓi hauyar tsaye ya tafi gona da an sallame asuba. Sai hantsi ya yi zafi ya dawo, rigarsa ta manne da baya, ya watsa ruwa, ya wuce rumfarsa ta kasuwa ya hau keke har la'asar. Ni kuwa in yi daka, in je rijiya, in bi bayan gari in tsinko tafasa. Zafin damina ba irin na bazara ba ne. Hadari ya taru ya tsaya, iska ta ɗauke, zufa ta riƙa bin mutum ko yana zaune a inuwa, harshe ya bushe kamar ɓawon goriba. Da an kira magariba mu sha kunun tsamiya, mu ci dabino ɗaiɗai, sannan kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Ran da aka yi tuwo, ranar sai an gaya wa maƙwabta.

Duk da wannan matsi mutane ba su fasa kawo ɗinkin sallah ba. Ko uba ya haƙura da nasa, sai yara sun sa sabo. Ƙullin yadi ya taru a rumfar Malam har ya kusa taɓa rufi, kowanne Malam ya san mai shi da abin da za a ɗinka masa.

Ana cikin haka afolo, ciwon jan idon nan mai yaɗuwa, ya shigo gari. Aka ce direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ne suka kawo shi daga kudu. A tasha ya fara, ya shiga masallaci, ya bi rijiyoyi. Mutane suka ce da kallo ake ɗaukarsa, sai aka daina haɗa ido. Ka ga dattawa biyu sun tsaya suna doguwar gaisuwa, kowa yana kallon takalminsa. Baƙin tabarau ya ƙare a kasuwa, wanda bai samu ba ya yafa rawani ya bar 'yar kafa. Har liman da baƙin tabarau yake ba da salla. Magani kuwa kowa da nasa. Wannan ta ce ruwan sukari, waccan ta ce nonon mai shayarwa, wani ya ce ruwan albasa, wani ya ce a ƙara tozali. Mu mata kuwa mazirarin tozali ɗaya sai ya zaga gida uku, ba mu san da shi muke raba wa juna ciwon ba.

Ni ya fara kamawa a gidanmu. Ji na yi kamar an zuba mini rairayi a ƙarƙashin fatar ido, ga ƙaiƙayi, ga ruwa na zuba. Da safe na tashi ido ya ƙi buɗuwa, na fito ina lalube na yi karo da turmi. Inna ta ji, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Sannu da zuwa garinmu, 'yar Damagaram," in ji ta. "Zo in nuna miki hanya."

Ta kama hannuna ta kai ni har bakin randa, ta nuna mini yadda ake jan ƙafa a ƙasa kafin a taka, da yadda ake jin murhu tun daga nesa da zafin da yake bugun fuska. Ita ta ɗumama mini ruwa, ita ta goge mini ido. Ta hana ni sa komai a ciki. Nawa bai yi tsanani ba, bayan 'yan kwanaki jan ya fara washewa.

Na Malam ne ya zo da faɗa. Ana tsakiyar azumi ganyen gero ya karce shi a idon hagu yana noma, bai ce komai ba. Kafin wurin ya warke afolo ya hau kai. Ga yadi jibge, ga sallah na matsowa, sai haƙurinsa ya ƙare. Ranar kasuwa wani baƙo ya baza tabarma yana tallar wani garin magani a ƙunshin takarda, yana rantsuwa cewa kwana ɗaya yake warkar da ido. Malam ya saya, bayan buɗa-baki ya zuba. Da gari ya waye na same shi a lungun ɗaki ya lulluɓe kai da bargo duk da zafin nan. Idon hagu ya kumbura, ko hasken ƙofa ba ya iya kallo, hawaye kawai yake yi. Mutumin da allurar keke ta taɓa huda masa yatsa bai ce uffan ba, ga shi yana nishi.

Inna ta shigo ta taɓa fatar idon da yatsunta. Ta yi masa faɗa da Barbarci, sannan ta juyo wajena ta ce da Hausa in kai shi likita yanzu, kada a jira la'asar, domin ita jira ne ya kai ta inda take.

Haka muka ratsa gari, ni a gaba, shi a baya yana riƙe da bakin gyalena, kansa a rufe. Kunya kamar in nitse. Abin da ya cece ni shi ne ba mai ɗaga kai ya dube mu. A likita muka tarar da jama'a cike a gindin dogon yaro, kowa da tsumma a ido. Babban ma'aikacin wurin, wanda ake ce wa majo, ya fito shi ma da baƙin tabarau, sai wurin ya ɗauki dariya. Ya ce a yi dariya, shi ma bai tsira ba. Sannan ya tsaya a kan dakali ya yi mana bayani. Ya ce ba da kallo ake ɗaukar afolo ba, da hannu ne da tsumma da tozali da ƙuda. Wanda idonsa ja ne yana ruwa kawai, ya koma gida ya riƙa wankewa da dafaffen ruwa, ya ware tsummansa, zai tafi da kansa. Wanda nasa ke fitar da kwantsa mai kauri kamar mugunya, ya tsaya a ba shi man ido. Wata mata ta nuna masa ɗanta mai ƙurji a bakin fatar ido, ya ce wannan hazbiya ce, ta riƙa gasa masa da tsumma mai ɗumi, kada ta matse. Amma duk wanda ba ya iya kallon haske, ko ganinsa ya ragu, ya shigo ciki yanzu.

Muka shiga. Ya buɗe idon Malam da ƙyar, ya haska tocila, ya daɗe yana dubawa. Dariyar nan tasa ta ɗauke. Ya tambayi abin da aka zuba, Malam ya faɗa da ƙaramar murya. Majo ya ce miki ne ya fito a kan baƙin idon, garin nan ya ƙona wurin da ganye ya karce. Ya wanke idon da ruwa mai yawa, ya matsa man ido daga 'yar bututu, ya rufe da auduga da farin ƙyalle. Ya ce ba gona, ba rana, ba ɗinki, kuma kowace safiya a dawo ya gani. In farin tabon ya ƙaru sai a shiga mota zuwa Damagaram. Malam ya ce shi tela ne, kayan sallar mutane na wuyansa.

"Ka zaɓa," in ji majo. "Sallar bana, ko sauran sallolin da suka rage maka."

Ni ya koya wa sa maganin. In wanke hannu da sabuni, in ja fatar ƙasa, in matsa ɗan siriri ba tare da bakin bututun ya taɓa ido ba. Da muka koma gida sai wata rigima ta tashi, Malam ya ce ba za a sa masa komai da rana ba yana azumi. Inna ta aika aka kira liman. Ya zo da tabaransa ya zauna a zaure, ya ce marar lafiya Allah ya yi masa sauƙi, a sa magani a kan lokacinsa, in ya ji ɗacinsa a maƙogwaro ya rama ranar bayan sallah. Kafin ya tafi ya roƙi a nuna masa irin man, ko shi ma zai je ya karɓo.

Gona ba ta jira. Ciyawa ta fara rufe gero. Maƙwabcinmu Baba Kyari mahauci, wani ƙaton mutum mai murya kamar ganga, shi ya bi gida gida ya tara gayya. Na kai musu ruwan wanke fuska, na ga abin da ban ƙara gani ba har yau. Maza a jere da hauyar tsaye, bakinsu da azumi, idanunsu jajaye, rabinsu da baƙin tabarau, suna tura hauya suna tsokanar juna. Wani da hawaye ya rufe wa ido ya share gero ya bar ciyawa tsaye, aka ce a bar shi, gonar maƙiyinsa ya zaci yake ciki. Gayya ce ba fura ba goro. Da yamma muka dama kunu babbar tukunya muka raba musu gida gida. Kafin a sha ruwa kuwa hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa mai ƙarfi, muka tsaya a tsakar gida yana dukanmu, bakinmu a rufe kada ɗigo ya shiga.

Saura ɗinki. Aka ɗoro keke da ƙullin yadi a amalanken jaki aka kawo gida. Sauran telolin gari wasu na kwance, wasu aiki ya yi musu yawa. Malam ya ce a mayar wa kowa da kayansa, ya fi a ci amana. Inna ta ce ba za a mayar ba. Ta ce shi yana da awon mutane a kansa, ita tana da yatsu, ni kuma idona ya washe, in aka haɗa ai tela ɗaya zai fita. Sai Malam ya tambaye ni ko na taɓa hawa keke. Na ce ban taɓa ba, amma a cikin yadi na girma, na iya awo, na iya yanka a miƙe.

Ranar farko ba ta yi kyau ba. In taka, keke ya juya da baya, zare ya cukurkuɗe a ƙoshiya, na karya allura tun kafin azahar. Malam na zaune a tabarma kusa da ƙafata, ido ɗaya a ɗaure, ɗayan ma ja ne ya rufe shi da gefen rawani. Da kunne yake bina. Ya ce in sassauta ƙafa, ya ce zaren sama ya yi tsauri, ya ce ina jan yadi, in bar keke ya ja da kansa. In na gama layi in miƙa masa, ya bi da yatsa tun daga farko har ƙarshe, in ya ji gargada ya miƙo mini reza in farke. Hannun rigar wani yaro sai da na farke shi har yadin ya fara gajiya. Da takaici ya ishe ni na ce ashe makaho ya fi mai ido tsanani. Maganar ta fita kafin in kama ta. Sai na ji ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba tun da aka kawo ni gidan, har yana dafe idon yana cewa in bari, dariya na ja masa ciwo.

Daga ranar abin ya sake. Muka yi wa kanmu tsari. Da safe in cire wa Inna gashin ido, in kai Malam likita mu dawo, in tafasa tsummokaranmu in shanya, kowa nasa daban, sannan in hau keke. Malam ya shafa ƙulli ya ce wannan na 'ya'yan gidan wane ne, babban ya ƙara tsawo tun bara, a ƙara masa yatsa uku, ƙaramar kuwa tumbi gare ta, a sake mata. Ni in zana da alli in yanka in ɗinka. Inna ta karɓa ta yi kalmasa da maɓalli da hannu. Da harshe take zura zare a allura, ta sa su a baki, ta ɗan motsa leɓe, sai ta zaro allura da zare a jiki. Na gwada na soki harshena, suka yi mini dariya su biyu.

Taka keke da azumi sai wanda ya yi. Kafin la'asar ƙafafuna rawa suke yi, zufa na bin haɓata, sai na ɗaura tsumma a wuya kada ta ɗiga a kayan mutane. In ruwa ya sauko ɗakin na yoyo ta kusurwa, mu kwashe yadi mu tara a kan gado, mu ci gaba. Inna na rera waƙoƙin garinsu daidai da ƙarar keke, Malam na fassara mini, wani wurin ya ƙi fassarawa ya ce ba na yara ba ne. A watan nan na koyi Barbarci fiye da duk abin da na koya a baya. A nan na gane abin da take faɗa in na gama cire mata gashin ido, ashe cewa take Allah ya bar mini nawa. A nan kuma na san mijina, na ji labarin yadda ya gudu daga kiwo ya koyi ɗinki, shi ma ya ji nawa. Masu kaya in sun zo zaure suka ji keke na ƙara, sai su yi hamdala su ce Tela ya samu sauƙi. Inna na zaune a bakin ƙofa tana ce musu aiki na tafiya, kada a shiga a dame shi. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ƙara komai ba.

Akwai safiyar da majo ya buɗe ƙyallen ya daɗe yana dubawa, ni ma na leƙa na ga farin tabon kamar ya fi na jiya. Ya ce a ba shi zuwa jibi, in bai ja baya ba sai Damagaram. Da muka dawo na zaga bayan rumbu na yi kuka, domin na riga na ga Malam zaune a bakin ɗaki kamar Inna, keke na tsatsa. Inna ta biyo sautina ta same ni. Ba ta rarrashe ni ba, cewa ta yi lokacin magani ya yi, in je in wanke hannu. Ranar ba wanda ya yi waƙa. Amma da jibin ta zo majo ya haska tocila ya gyaɗa kai, ya ce mikin ya fara haɗewa daga gefe. A hanyar dawowa Malam ya saki gyalena ya ce yau shi zai shiga gaba, bai yi nisa ba ya nufi cikin garken awakin mutane.

A zuwan nan ne na gaya wa majo halin Inna. Ya ce akwai aikin da ake yi a juyar da fatar ido gashin ya daina suka. Inna ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido ana tsakiyar ɗinki. Sai bayan kaka muka kai ta Damagaram aka yi mata. Ganinta bai dawo sosai ba, an makara, amma sukan ya tafi, na ajiye hantsaki. Yanzu har gida ake biyo mutane da ƙwayoyin amosanin ido, yara kuma a lakwal, wato makarantar boko, ake koya musu wanke fuska. Jikokina ba su taɓa ganin tsohuwa ta ɗaga fuska ana cire mata gashin ido ba.

Ranar jajibere aka cire wa Malam ƙyalle gaba ɗaya. Ɗan farin ɗigo ya rage a gefen baƙin idon, da shi ya zauna har tsufansa, amma bai tare masa gani ba. Ya daɗe yana ƙifta ido a tsakar gida. Ya dube ni ya ce na rame. Kayan mutane duk an karɓe, saura rigunan wasu yara a kan igiya. Ya ɗauki ɗaya ya juya cikinta, ya bi ɗinkin da ido kamar yadda yake bi da yatsa, ya mayar ya rataye. Ya ce wuyan ya ɗan karkace, amma shi sai da ya shekara yana koyo kafin ya yi kamar wannan.

An yi ruwa kafin asuba, safiyar sallah ta zo da sanyi, rairayi ya kwanta, sama ta wanke. Ciwon ya fara barin gari, masu tabarau sun ragu. Ni da Inna muka tsaya a bakin zaure mutane na wucewa zuwa idi, ina gaya mata wane ne ya wuce da abin da ya sa. Ga 'yar tumbin nan cikin rigarta tana taƙama, ga wanda na farke wa hannun riga, hannun ya zauna daram. Ban taɓa jin abin da na ji ranar ba, aikina ne ke tafiya a kan titi da ƙafafunsa.

Bayan an sauko muna cikin gida sai muka ji muryar Baba Kyari a zaure yana kiran Tela ya fito, ga hayaniyar yara a bayansa. Na leƙa ta labule. Yana sanye da farin kaftanin da na ɗinka masa, wanda ya ci yadi kamar rumfa. Zauren cike da masu gaisuwar sallah. Ya ce shi ƙara ya kawo. Da safe ya cika aljihu da goro da alewa ya kama hanyar idi, sai ya ga yara na binsa, ayari guda, suna ta murna. Ya ce a ransa lalle kaftanin nan ya yi kyau, har ya ƙara buɗe kafaɗa. Sai da aka sallame ya sa hannu zai ba liman goro, ya ga yatsunsa sun fito ta ƙasa. Ya zura hannun a gaban kowa, ga yatsu biyar suna motsi a waje. Ashe ban rufe gindin aljihun ba.

Zaure ya kece da dariya. Ni kuwa na ce a raina yau sunan Malam ya ɓaci a kaina. Da dariya ta lafa sai na ji muryar Malam.

"Baba, ba ni za ka kai ƙara ba. Tun tsakiyar azumi ban taɓa keke ba. Duk wanda ya sa sabon ɗinki daga gidan nan yau, aikin iyalina ne da tsohuwata."

Maza suka fara duban rigunan jikinsu, wannan ya ja hannu, wancan ya laluba aljihunsa ya tabbatar. Baba Kyari ya ɗaga gefen kaftaninsa ya ƙura wa ɗinkin ido. Sannan ya tuɓe shi a wurin, ya zauna daga shi sai 'yar shara, ya ce to a miƙa wa mai aikin, ba zai tashi ba sai an gyara, kuma yana so ya ji ƙarar keken da kunnensa. Malam ya shigo da kaftanin da kansa ya ba ni, yana murmushi. Na hau keke, na bi gindin aljihun na sake bi, a zaure ana sauraro. Da aka mayar masa ya sa, ya jefa goro ɗaya a ciki, ya miƙe ya yi tsalle da duk girman jikinsa. Goro bai faɗo ba. Yaran da ke bakin ƙofa suka yi tsaki suka watse.

Washegari matar Baba Kyari ta aiko da turmin atamfa, ta ce a faɗa wa Malam ba nasa ba ne, na telar cikin gida ne. Kafin mako ya zagayo an kawo wasu. Malam ya koma rumfarsa ta kasuwa da keken aro, domin Inna ta zauna a kan murfin namu ta ce wannan ya riga ya zama na mata.